Dashen haƙori: Abin da mai giɓi ya kamata ya sani kafin ya sayar da sansa

Ranar Babbar Sallar da ta wuce na je gaida kawuna, ƙanen mahaifiyata. Mutumin Wonaka ne da ke Ƙaramar Hukumar Gusau, amma rashin tsaro ya sa ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari da zama, gona kuwa sai in an samu lafawa yake leƙawa.

Aka kawo soyayyen nama cike da faranti, kowa ya sa hannu. Shi kuwa ya jawo kwanon fura ya ce ya ƙoshi. Na ce, "Kawu, yau ranar nama ce fa, ku taɓa ko tsoka ɗaya." Ya yi murmushi yana kare baki da hannu, ya ce, "Ɗana, mi za ni yi da nama tunda babu abin tamna shi?"

A ranar na san cewa turamensa huɗu na ƙasa sun daɗe da tafiya. Biyu ciwo ya ci su aka cire, biyu kuma suka yi ta girgiɗi har suka faɗi da kansu. Na gaba guda ɗaya kuma ya rasa shi ne a faɗuwar babur. Shekara da shekaru ke nan abincinsa bai wuce fura da kunu da tuwo mai laushi ba.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne, wani ɗansa ya nuna masa bidiyo a waya, inda ake dasa wa mutum haƙori a cikin ƙashi ya zauna daram kamar na halitta. Kawu ya ƙudurta zai sayar da ɗaya daga cikin shanun hudarsa biyu da suka rage ya je a yi masa. Na roƙe shi ya dakata mu fara ganin likita. Abin da na koya a wannan zirga-zirga shi ne na ga ya dace in rubuta, domin masu giɓi irin Kawu suna da yawa daga Wonaka zuwa Tsafe da Bungudu, kuma bidiyon da ke yawo a waya rabin labarin kawai yake faɗi.

Giɓi ya wuce maganar ado

Baligi yana da haƙora 32 idan sun gama fitowa: 8 na gaba masu yanka, fiƙa 4, sauran 20 kuma na tauna ne. Yaro kafin ya yi famfara 20 yake da su. Kowane haƙori yana jingine da maƙwabcinsa, kuma yana da abokin karo a sama ko a ƙasa.

Idan guda ya fita aka bar gurbin, na gefe sukan fara kwantowa cikin giɓin sannu a hankali, na sama kuma ya riƙa saukowa tunda ba shi da abin da zai tokare shi. Daga nan sai tsakanin haƙora ya buɗe, abinci ya riƙa maƙalewa, sabon ciwo ya samu ƙofa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori yana rayuwa ne da aikin tauna. Da zarar saiwar ta fita, ƙashin wurin sai ya fara zaizayewa, kuma ya fi saurin yin hakan a watannin farko. A cikin shekara guda faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi. Wannan ne ke sa kumatun wawulo su lotsa, haɓa ta matso kusa da hanci, mutum ya yi kama da wanda ya girmi shekarunsa.

Sai maganar ciki. Wanda ba ya iya tauna nama, gyaɗa, gasasshiyar masara ko ɗanyen ganye, yakan koma ga kunu da koko da shayi da burodi. Ga mai ciwon suga, wannan sauyi ba alheri ba ne. Ga tsoho kuwa, rama ce ke biyo baya. Haka kuma rashin haƙoran gaba yana canza lafazi, abin da ke damun malamin aji, mai jan salla da duk wanda bakinsa ne jarinsa.

Me ke zubar da haƙoran?

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamban 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma uku cikin huɗu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya a baka.

Manyan dalilai uku ne. Na farko kogon haƙori. Jama'a da yawa sun yarda tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu turara hayaƙi su nuna maka abin da suka ce ita ce ta faɗo. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya saura a jikin haƙori, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narka ɓawonsa. Shayi mai cike da sukari, lemon kwalba, alewa da biskit, su ne abincinsu.

Na biyu ciwon dasashi. Yakan fara da jini idan ana goge baki, sai wari, sai dasashi ya ja baya, ƙashi ya zaizaye, haƙori lafiyayye ya kama girgiɗi. Sau da yawa ba ya zafi sai ya yi nisa. Taba sigari da ciwon sugan da ba a kula da shi suna ƙara masa gudu.

Na uku rauni. Faɗuwar babur, haɗarin mota, faɗa, harbin dabba, da kuma dukan da mutanen karkara ke sha a hannun 'yan bindiga. Haƙoran gaba na sama su suka fi shan wannan.

A kan waɗannan akwai jinkiri. Mutumin ƙauye ba ya ganin likitan haƙori sai kunci ya kumbura, barci ya gagara. Kafin nan ya gwada kanumfari, wanda ke ɗan kwantar da zafi amma ba ya warkarwa, wasu har ruwan batir ko fetur suke ɗigawa, su ƙona dasashi. Lokacin da za a isa asibiti, haƙorin da za a iya cikewa da an zo da wuri ya riga ya mutu, sai cirewa.

Mene ne dashen haƙori?

Kalmar dashe tana sa wasu su zaci haƙorin wani ake cirowa a dasa musu. Ba haka ba ne. Abin da ake dasawa wata 'yar kusa ce mai zare kamar sukur, wadda aka ƙera da wani ƙarfe mai suna taitaniyom. Ita ce ke zama a madadin saiwa a cikin ƙashi. A kanta ake ɗaura wani ɗan mahaɗi da ke leƙowa ta dasashi, sannan a ɗora haƙorin da ido ke gani, wanda yawanci na tangaran ne da aka daidaita launinsa da na sauran haƙora.

Sirrin yana ga ƙarfen. Jiki ba ya ƙin taitaniyom yadda yake ƙin sauran baƙin abubuwa. Ƙashi yakan girma ya manne da shi har su zama abu guda.

An gano haka ne bisa tsautsayi. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya sanya wani ɗan bututun taitaniyom a ƙashin ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa, ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen, ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe, wani ɗan ƙasarsu mai suna Gosta Larsson, wanda ya rayu da kusoshin a bakinsa suna aiki har rasuwarsa a 2006, sama da shekara 40. Sai bayan wani taron likitoci a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1982 ne aikin ya samu karɓuwa sosai a duniya.

Yau bincike da dama sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na dashen da aka yi suna nan daram bayan shekara 10. Wannan adadi na wanda ƙwararre ya yi wa aiki ne, wanda jikinsa ya dace, kuma yake kula da bakinsa.

Ba aikin yini ɗaya ba ne

Bidiyon da Kawu ya gani bai kai minti biyu ba: an shiga da giɓi, an fito ana murmushi. A zahiri aikin yakan ɗauki watanni.

Matakin farko bincike ne. Likita zai duba baki gaba ɗaya, ya ɗauki hoton ƙashi, wani lokacin har da hoton na'ura mai nuna kauri da zurfinsa. Wannan hoto ba don a ƙara wa mutum kuɗi ba ne. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa, idan kusa ta taɓa ta mutum na iya zama da mataccen leɓe na tsawon lokaci. A sama kuma, ta wajen turame, akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda kusa ke iya hudawa idan ƙashin wurin ya yi siriri.

Na biyu share fage. Duk wani kogo, ruɓewa ko ciwon dasashi sai an magance shi tukuna. Idan ƙashi ya zaizaye da yawa, sai an yi masa ciko an jira ya kama, abin da ke ƙara watanni da kuɗi.

Na uku dasa kusar. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a buɗe dasashi, a huda ƙashi a hankali ana zuba ruwa don kada ya ɗauki zafi, a murɗa kusar, a ɗinke. Mutum yana farke, kuma yawanci ranar yake komawa gida. Kumburi da ɗan ciwo na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne.

Na huɗu jira. Ƙashi yana buƙatar kamar wata uku zuwa shida kafin ya kama kusar sosai, kuma na sama ya fi na ƙasa jinkiri saboda ya fi laushi. Bayan nan ne ake auna baki, a ƙera haƙorin, a ɗaura. Akwai yanayin da likita ke iya ɗora haƙorin wucin gadi a ranar da aka dasa kusa, amma ba kowane baki ne ya dace da hakan ba.

Idan aka lissafa, mutum zai ga likita sau da dama kafin a gama, sannan ya ci gaba da komawa dubiya.

Ba kowa ne ya dace ba

Yaro da matashin da bai gama girma ba, ba a yi masa. Kusar ba ta tafiya tare da ƙashin da ke girma, don haka ake jira sai wajen shekara 18 ko fiye. Tsufa kuwa shi kaɗai ba ya hanawa, in dai akwai lafiya da ƙashi.

Mai ciwon sugan da sukarinsa ke hawa da sauka, rauninsa ba ya saurin warkewa, kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun sa. Ana iya yi masa, amma sai ciwon ya daidaita. Mai shan taba sigari ya fi wanda ba ya sha fuskantar lalacewar dashe. Mai juna biyu akan jira ta haihu. Wanda aka taɓa yi wa gashin cutar daji a kai ko wuya, mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi ko na tsinka jini, mai sikila, mai ciwon zuciya ko hawan jini, wajibi ne ya faɗa wa likita tun a zaman farko. Ɓoye ciwo don kada a hana ka aiki cutar kai ne.

Sannan dasasshen haƙori ba ya kogo, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da ciwo kamar na kowane haƙori. Da yake ba shi da jijiya, ba ya yin gargaɗi da wuri. Wanda ƙazantar baki ta zubar wa haƙoran halitta, idan bai canza hali ba, ita za ta zubar masa da na ƙarfe.

Kuɗi da hanya

Kusoshin da kayan aikin duk daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. Dashen haƙori guda a Najeriya maganar dubban ɗaruruwan naira ce, a wasu asibitocin kuɗi na manyan birane har ya haura miliyan. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, haƙori ɗaya na iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni masu yawa. Kawu kuwa biyar ya rasa.

Inshora ma ba ta cika shiga wannan ba. A ƙa'idojin tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka fitar a 2012, dashen haƙori yana cikin jerin abubuwan da tsarin ba ya biya. Duk mai inshora, ta tarayya ce ko ta jiha, ya tambaya tun kafin ya fara.

Ga mutumin Wonaka, Tsafe ko Bungudu, wurin fara tambaya shi ne sashen haƙori na manyan asibitocin Gusau, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A can za a duba baki, a magance abin da ke buƙatar gaggawa, a kuma faɗa wa mutum ko bakinsa zai karɓi dashe da inda ya kamata ya nufa. Manyan asibitocin koyarwa da ke kewaye da mu su ne na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano da ke Kano.

Tafiyar ma lissafi ce. Daga Gusau zuwa Sakkwato kusan kilomita 200 ne ta Bungudu, Maru da Talata Mafara. Zariya da Kano kuwa sai an bi ta Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa. Duk ɗan Zamfara ya san waɗannan hanyoyi ba a binsu da gangan, ba a kuma yin yamma a kansu. Aikin da ke buƙatar zuwa sau biyar ko shida yana nufin kuɗin mota, masauki, abinci, ɗan rakiya da fargaba sau biyar ko shida. Kuma idan wani abu ya kwance bayan shekara biyu, wurin wanda ya yi aikin za a koma, domin kowane kamfani da irin kusarsa da makullin kwance ta. Wannan ne ma haɗarin yin dashe a ƙasar waje lokacin Umara ko tafiyar kasuwanci: ana dawowa gida, likitan yana can.

Sauran hanyoyin cike giɓi

Dashe ba shi kaɗai ne mafita ba. Mafi sauƙi shi ne haƙorin roba mai cirewa. Ana auna baki, a ƙera shi cikin 'yan kwanaki ko makonni, babu yanka babu ɗinki, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na dashe ba. Illarsa, yakan yi motsi wajen tauna abu mai tauri, yana buƙatar sabo, ba ya hana ƙashi zaizayewa, kuma bayan wasu shekaru sai an gyara ko an canza. Ana cire shi da dare a wanke a jiƙa a ruwa. Kwana da shi kullum yana jawo kumburin dasashi da farin baki.

Akwai kuma wanda likitoci ke kira gada. Ana feƙe haƙoran da ke gefen giɓin biyu, a ƙera haƙora uku a haɗe, a manna su a kai. Yana zama daram, ba a cirewa, amma an taɓa lafiyayyun haƙora biyu saboda guda ɗaya.

Ga wanda ya rasa haƙoran ƙasa gaba ɗaya, akwai tsaka-tsaki: a dasa kusa biyu kacal, a ƙera haƙoran roba da ke maƙalewa a kansu kamar maɓalli. Ba sai kowane giɓi ya samu kusarsa ba.

Haƙorin Makka da alhazai da hajiyoyi ke dawowa da shi wani abu ne daban. Yawanci hula ce ta zinare ko azurfa da ake rufa wa lafiyayyen haƙori don ado da shaidar an sauke farali. Ba dashe ba ne, ba kuma magani ba ne. Idan bai zauna daidai ba, abinci yakan taru a ƙarƙashinsa, haƙorin ya ruɓe a ɓoye, sai wari ko ciwo ya tona.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne na bakin kasuwa, inda ake manna haƙorin roba da wani gam a jikin na gefe, ba ya ciruwa balle a wanke. Yau ka fito da murmushi, baɗi na gefen ma sun kama girgiɗi. Ga kuma kayan aikin da ba a dafa ba, waɗanda ke iya ɗaukar ciwon hanta daga bakin wani zuwa na wani.

Tambayoyi kafin a hau kujera

A dokar Najeriya, likitan haƙori sai ya yi rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa. Mai ƙera haƙori a ɗakin aiki da mai wanke haƙori ma'aikata ne masu daraja da ke da nasu hukumomin, amma huda ƙashi ba aikinsu ba ne.

Wanda zai yi dashe ya tambaya: Wa zai yi aikin, kuma ya saba yin irinsa? An ɗauki hoton ƙashina, me ya nuna? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da kusa, mahaɗi, haƙorin sama, hoto da magani, ko na kusa ne kawai? Kusar ta wane kamfani ce, za a rubuta mini sunanta da lambarta in ajiye? Idan ƙashi bai kama ba, wa zai ɗauki nauyin sake aikin? Wace hanya ce mafi arha da za ta yi mini amfani?

Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce a biya yau a dasa yau ba tare da hoto ba, a tashi a ba shi wuri.

Idan haƙori ya fita yanzu-yanzu

Akwai wani dashen da ba ya buƙatar ƙarfe, kuma mutane kaɗan ne suka san shi. Idan babur ya kayar da mutum haƙorinsa na dindindin ya fito ɗungurungum da saiwarsa, ana iya mayar da shi ya kama.

A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar. Idan ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta, ba a kankarewa, ba a sa sabulu. In za a iya, a mayar da shi gurbinsa a ciza tsumma mai tsabta. In ba za a iya ba, a jefa shi cikin madara, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. A garzaya wurin likitan haƙori, an fi so cikin awa ɗaya. Haƙorin yaron da bai yi famfara ba shi ne ba a mayarwa, don kada a lalata na ƙasansa da ke shirin fitowa.

Iyaye kuma su lura da bakin ƙananan yara. Dasashin da ke jini da wari a bakin yaro mai tamowa, musamman bayan ƙyanda, na iya zama farkon cutar noma, wato zaizayar baki, wadda ke cin kunci da ƙashi cikin 'yan kwanaki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita idan an kai yaro da wuri. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa.

Yadda ta kaya da Kawu

Mun kai Kawu aka duba shi. Hoto ya nuna ƙashin da turamensa suka bari ya zaizaye sosai saboda daɗewa. Gwajin jini kuma ya tono abin da bai sani ba: sukarinsa ya hau. Likitan ya yi masa bayani cewa dashe a yanzu jefa kuɗi a rijiya ne. Aka wanke masa sauran haƙoran, aka cike guda biyu da suka fara kogo, aka tura shi wurin masu kula da ciwon suga, sannan aka auna masa haƙoran roba.

Makon farko ya yi ta mita, ya ce kamar an cusa masa ɓawon ƙwarya a baki. Bayan wata guda ya saba. Yanzu yana goge baki safe da dare da burushi da makilin, asuwakinsa kuma yana aljihu kamar kullum. Sukarin shayi ya ragu daga cokali huɗu zuwa babu.

Sansa yana nan bai sayar ba, da shi aka yi huɗar bana. Da na koma gaishe shi kwanan baya na tarar yana cin dambun nama, ya ce in faɗa wa ɗan nasa mai waya ya nemo masa bidiyon da ke nuna yadda ake hana haƙori fita tun farko, domin jikokinsa sun fi shi shan alewa.